Muryar da Umma Ta Ba da Aro

Umma ta yi ritaya daga koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, amma ba ta daina gyara wa mutane magana ba. Ko mai karanta labarai a rediyo ne ya yi tuntuɓen harshe, sai ka jiyo ta daga kicin tana ba shi amsa. Baba kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, magana ba ta dame shi ba. A tsohon gidanmu na unguwar Nassarawa a Kano, mai faɗin fili da manyan darbejiya, muryar Umma ce ke kaiwa har bakin get.

Ni ce babba, ina aure a unguwar Giginyu. Ƙanwata, wadda duk muke kira Auta, kwamfuta ta karanta, tana zaune tare da su tana aikinta daga gida. A shekarar da aka haƙa gefen titinmu aka binne sabuwar wayar intanet mai sauri, ta shiga wani aiki na koya wa na'ura jin Hausa da yin ta. Suna neman masu kyakkyawar Hausa su karanta jimloli a naɗa. Ina gidan ranar da ta tunkari Umma da maganar.

"Umma, muryarki nake so ki ara mini."

"Aron murya kuma? In na ara miki, da me zan yi miki faɗa?"

Ta dai yarda. Auta ta kwashe kayan sito, ta rataye barguna a bango saboda ƙarar janareton maƙwabta. Kullum da hantsi sai su shige, Umma da tabarau da kofin ruwan ɗumi. Ba kowace jimla take yarda ta karanta ba. Wata in ta duba sai ta ce, "Wannan ai Turanci ne aka sa wa hula," ta gyara abinta sannan ta karanta. Sun daɗe suna yi, kuma ban taɓa ganin su biyun sun shaƙu kamar lokacin ba.

Ana cikin haka muryarta ta fara dishewa. Muka ce yawan karatu ne. Aka yi ta zuma da citta da kanumfari, abu ya ƙi. Da aka je asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya kira mu ni da Baba ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma sai an yi aiki an cire wurin da murya ke fita. Muka fito muka shiga mota. Sai da direba ya tayar sannan Baba ya ce, "Allah Ya sa kaffara ne."

Bayan aikin Umma ta dawo gida ba magana. In tana son abu sai ta buga cokali a jikin kofi. Baba ya kan taso da sauri ya tsaya a kanta, ta yi ta nuni da hannu, shi kuma ya kasa ganewa, har ta gaji ta juya fuska bango. Na sha ganin hawaye na bin gefen idonta ba sauti.

Auta ce ta kasa jurewa. Ta nemi izinin abokan aikinta, ta ware duk abin da Umma ta karanta, ta yi makonni tana fama. Wata ranar Asabar ta kira ni ta ce in zo. Na tarar ta ɗora wa Umma kwamfutar hannu a cinya tana nuna mata: ki rubuta abin da kike so a nan, ki danna nan. Umma ta dube ta da alamar rashin yarda. Sannan ta fara rubutu a hankali, ta danna.

"Wa ya bar ƙofar kicin a buɗe?"

Muryarta ce. Ita ce sak, har da yadda take jan ƙarshen tambaya. Muka kwashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Baba ya miƙe ya ce bari ya rufe ƙofar, ya daɗe bai dawo ba.

Watannin da suka biyo baya mun ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Umma ta koma ba da umarni a kan miya, ta koma gaisawa da 'yan dubiya, har waya take amsawa. Amma abin yana da nasa ciwon. Kafin ta gama rubuta amsa, hira ta wuce wani wurin, ita da a da ba a rigan ta baki. Wani lokaci na'urar ta karya kalma. Ranar da ta rubuta a sayo gari, aka furta shi kamar garin Kano take so a sayo, ta harari kwamfutar irin hararar da take yi wa ɗalibai. In intanet ta yanke kuma, shi ke nan, sai cokali da kofi. Auta ta yi mata bayani cewa muryar ba a cikin kwamfutar take zaune ba, tana can cikin wasu manyan na'urori a wata ƙasa, daga can ake turo ta. Da intanet ta dawo, Umma ta rubuta: "Wato ta riga ni tafiya."

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne muryar ba ta san Umma ba ta da lafiya ba. Ciwon ya dawo, ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa, amma muryar tana nan garau kamar ta mai shiga aji. Wata rana ina gyara mata matashi ta rubuta wani abu, sai na ji an ce da ni cikin sakin fuska, "Ina jin zafi sosai." Na dubi fuskarta, na dubi kwamfutar, na rasa wadda zan amsa wa.

Daga baya yatsunta suka daina iya dannawa. A safiyar da ta rasu, cikin damina, muna zagaye da ita, Auta ta matso da kwamfutar ko tana da abin faɗa. Umma ta ture ta da bayan hannu. Baba ya sunkuya yana karanta kalmar shahada, muka ga leɓɓanta suna bin sa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Da aka watse daga zaman makoki, ba wanda ya tuna da kwamfutar. Ni dai na ci gaba da kai wa Baba abinci da la'asar. Rannan na shiga falo da sallama, ban kai ga ajiye kwanon ba na ji an ce daga ɗakin Umma, "Sannu da zuwa, Alhaji." Na ajiye kwanon a ƙasa. Na dafa bango na leƙa. Baba ne zaune a bakin gadonta da tabarau, yana rubutu da yatsa ɗaya. Da ya gan ni bai ɓoye ba. Ya ce in zauna.

"Tun shekaranjiya nake yi," in ji shi. "Duk abin da na rubuta, shi take faɗa. Uwarku kuwa tunda muke ba ta taɓa faɗin abin da na shirya mata ba."

Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga. Ya ce ya rubuta mata tambaya, ta maimaita masa tambayar. Ya ce in kira masa Auta.

Da ta zo ya ce ta goge muryar, har can inda take ajiye. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, in na goge fa ba ta dawowa."

"Na sani. Yau ni ne na sa mata magana a baki. Gobe waye? Tana kabarinta a ce ta ce abin da ba ta ce ba?"

Auta ta yi kuka sosai. Aikin hannunta ne, kuma mahaifiyarta ce. Ta roƙi a ba ta lokaci, Baba ya ce ta ɗauka, bai sake tayar da zancen ba. Ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Ranar wata Juma'a, bayan ya dawo daga masallaci, ta fito da kwamfutarta falo ta ce ta shirya. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta dubi Baba, ya gyaɗa kai, ta danna. Ba a ji ƙarar komai ba. Baba ya ɗaga hannu muka yi wa Umma addu'a, muka shafa.

Auta ba ta bar aikin ba. Ta ce akwai masu irin ciwon Umma da yawa, yanzu su take taimaka wa su naɗi muryarsu kafin a shiga da su tiyata. Wasu har gida suke zuwa da 'ya'yansu, Baba ya sa a kawo musu ruwa da lemo.

Ni kuma kullum da safe sai wayata ta yi ƙara, Baba ne. Ya tambayi yara, ya tambayi maigidan, in ce duk lafiya. Daga nan sai ya yi shiru, ni ma in yi shiru, ina jin numfashinsa da kukan kurciyoyin gidan. Can sai ya ce, "To, madalla," ya kashe.