Mai Rungume da Jinin Birai

A tashar mota, inda nake jiran jikana, wata mata tana zaune ta rungume ƙaramar kula kamar mai jinyar jariri. Takalmanta sun sha taɓo, idanunta sun faɗa. Motar da za ta hau ta lalace.

Mai sayar da lemo yana tsokanarta: "Malama, zinariya ce a ciki?"

"Jinin birai ne," in ji ta, sannan ta juyo gare ni. "Baba, dajinsu ya ƙanƙance, suka yi ta haihuwa a junansu har garkuwar jikinsu ta zama iri ɗaya. Cuta guda ta share su. Tsohuwarsu ce kaɗai ta daɗe tana turjiya, ina so in san abin da ta gada. Ita ma ta mutu, jininta yana cikin kular nan. In jinin ya ɗumama, shi ke nan."

Ina zaton a dajin nan ƙuruciyar wannan mata ta ƙare.

Ta roƙi mai lemo ƙanƙara, amma tasa ta narke. Sai ta jiƙa mayafinta, ta lulluɓe kular, ta tsaya tsakanin kular da rana.