Taro biyu, direba ɗaya

Jiya ina loda kujerun haya a shagona na Mayo Gwoi, sai ga direban Honorabul ɗinmu, Honorabul ɗin nan mai rantsuwa a rediyo cewa yana bayan tsohon shugaban jam'iyya har abada.

Ya ce, "Maigida, ranar Asabar a kai kujeru taron tsohon shugaba. Wasu kuma a kai Nukkai, taron sabon shugaba."

Na ce, "Shi Honorabul wanne zai je?"

Ya sosa ƙeya. "Oga zai tafi Abuja ganin likita."

Hankalina bai kwanta ba. A rikicin ɓangarorin nan aka karya hannun ƙanena, yana kare Honorabul ɗin.

Jama'a, in gaya wa ƙanen nawa yanzu, ko in bari hannun ya warke tukuna?