Idon Akun Hajiya Bara'atu

Hajiya Bara'atu ta yi aikin koyarwa a firamare har furfura ta fito mata, kuma kusan duk tsawon aikin 'yan aji ɗaya take riƙewa. A Ƙofar Kaura da wuya ka shiga layi ba ka tarar da wanda ta koya wa riƙon fensir ba. Cikinsu akwai masu shaguna a Babbar Kasuwa, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai matan aure da har yau in sun hango ta sai sun gyara tsayuwa. Mace ce gajera mai saurin tafiya, ba ta da yawan dariya, amma ba ta da faɗa. Bayan koyarwa, abin da aka fi saninta da shi shi ne akunta.

Yayanta, wani ɗan kasuwar goro da ya daɗe da rasuwa, shi ya kawo mata shi daga Kurmi tun tana goyon autarta Zulaihat. Aku ne mai ruwan toka da jar wutsiya, ta sa masa suna Ɗan Kurmi. Ya iya sallama, ya iya kiran mai ruwa, ya kuma ɗauke muryarta tsaf. Baƙo yana cikin gaisuwa sai ya ji an daka masa tsawa daga baranda an ce a yi shiru, ko a tambaye shi ina aikin gidansa. Gyaɗa take ba shi da gwaiba da ɗanyar masara, ita ke wanke kejinsa da kanta. Da ta yi ritaya, yara kuma suka watse gidajensu, gidan ya rage daga ita sai mijinta sai tsuntsun.

Mijin nata, Malam Hadi, tsohon direban wata ma'aikata ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun yana saurayi ya koyi shan taba a doguwar hanya, ya kuma daɗe yana sha. Shekarun baya ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. A asibiti aka ce hawan jini ne, zuciyar ma ta fara gajiya, likita ya ce ya rabu da taba in yana son ransa. A gaban matarsa da 'ya'yansa ya rantse ya bari. Hajiya ta yarda da shi, har takan ba matan unguwa labarinsa in suna kukan nasu mazajen.

Bara Zulaihat ta haifi ɗanta na fari, ta dawo gida daga Kaduna wanka. Nan aka samu matsala, don da jaririn ya samu barci sai Ɗan Kurmi ya ƙwala sallama ya tashe shi. Ba da son ranta ba Hajiya ta ɗauke kejin daga baranda ta kai shagon Malam, ɗakin da ke jikin zaure inda yake zama da rediyonsa. Taga ɗaya gare shi, ita ma kullum a rufe. Hidimar jego ta sha kanta: dafa ruwan wanka, dama kunun kanwa, karɓar 'yan barka. Malam ya ce ta bar masa ciyar da akun, ta ji daɗi ta bar masa.

An kusa arba'in, wata safiya tana tankaɗe sai ta lura gidan ya yi shiru da yawa. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta ji muryar tsuntsun, ta kasa. Ta aje rariya ta nufi shagon.

Ta same shi a takure a kan sandarsa, gashinsa a tashe. Idonsa na hagu a rufe yake, fatar ta kumbura ta yi ja, gashin da ke gefen idon ya jiƙe ya manne. Yana ta goga fuskar a kafaɗarsa, can kuma sai ya yi atishawa. A ƙirjinsa akwai wani wuri da ya tsige gashin har fata ta bayyana. Ta yi masa sallama, ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, bai amsa ba.

Malam ya ce shi ma ya lura, amma ya ɗauka sanyi ne zai wuce. Maƙwabciyarta Asabe ta ce a sa masa kwalli, wata 'yar barka ta ce a ɗiga masa nonon mai jego, wata kuma ta ce ai akwai ragowar maganin idon Malam. Hajiya ta yi musu godiya, ba ta yi ko ɗaya ba, ta dai goge masa da auduga da ruwan ɗumi. Wayewar gari idon dama ma ya fara ja. Ta lulluɓe kejin da zane, ta tari keke, ta tafi asibitin dabbobi.

Likitar da ta samu yarinya ce, Dakta Madina. Ta gaya wa Hajiya gaskiya cewa awaki da kaji ta fi gani, aku sai jefi-jefi, amma ta naɗe shi a tawul ta duba shi a tsanake. Ta haska idon, ta duba hancinsa, ta saurari numfashinsa. Sannan ta shiga tambaya: me yake ci, ina ake aje shi, ana kunna maganin sauro ko turaren wuta kusa da shi, hayaƙin janareta na shiga ɗakin? Hajiya ta ce akwai hayaƙin itacen wankan jego, amma can ƙuryar gida yake, nesa da shagon.

"Mama, akwai mai shan taba a gidan?"

"Babu," in ji Hajiya. "Malam ya bari da daɗewa."

Likitar ta ce to. Ta bayyana mata cewa dalilin tambayar shi ne tsuntsu ba kamar mutum ba ne wajen shaƙar iska. Hayaƙin da mutum zai jure, shi yana ƙona masa ido da hanci, ya sauka masa a huhu. Hayaƙin taba kuma yana maƙalewa a gashinsa, in ya zo gyara jiki da baki sai ya haɗiye. Ko hannun mai shan taba ya taɓa shi yana iya sa masa ƙaiƙayi har ya riƙa tsige kansa. Amma ta ce ba za ta yanke hukunci ba, don jan ido a aku yana iya zama wata cuta ta ƙwayoyi, wadda wani lokaci takan kama mutane. Saboda haka a nisanta shi da jariri da mai jego, duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Ta ba ta ruwan wanke ido da maganin ɗigawa, ta ce in ta ga yana numfashi baki buɗe, wutsiyarsa na sama da ƙasa, kada ta jira gari ya waye.

Duk hanyar dawowa tunanin jikanta Hajiya ke yi. Sau nawa ta fito daga wajen kejin ta ɗauki yaron ba ta wanke hannu ba?

Da ta iso gida Malam ya tafi azahar. Ta zauna a zaure ta naɗe Ɗan Kurmi a tawul kamar yadda ta ga likitar ta yi, ta kawo shi kusa da fuskarta don ta ga idon sosai. A nan ta ji warin. A cikin gashin wuyansa yake, ƙasa-ƙasa, amma ta san shi, don ta yi shekaru tana wanke shi daga rigunan mijinta. Ta mayar da tsuntsun keji ta shiga shagon. Ƙamshin turaren fesawa ne ya fara dukan hancinta, mai yawa fiye da kima. Ta kama labule ta shinshina. Sai ta tuna kanumfarin da Malam ya tsiri taunawa kwanan nan, wai don haƙori.

Ba ta ɗaga katifa ba, ba ta buɗe akwati ba. Ta zauna a bakin gadon. Abin da ke mata yawo a kai shi ne ranar da aka shigo da Malam daga masallaci a hannu, bakinsa a karkace.

Bayan la'asar ta ce masa ya zo ya riƙe mata akun za ta ɗiga magani. Ya zauna a tabarma ya riƙe shi cikin tawul. Tana wanke idon tana gaya masa duk abin da likita ta ce, ba ta rage komai ba, har tambayar taba da amsar da ta bayar. Ba ta dube shi ba. Tsuntsun na ta haki a hannunsa.

"Tun rasuwar Salihu ne," in ji Malam. Salihu abokinsa ne tun suna tuƙi, ya rasu kafin azumi. "Ina ruhe tagar don kada ki ji. Wallahi ban san zai taɓa shi ba."

"Malam, shi wanga idonshi ya nuna, mun gani," in ji ta. "Kai mi za mu gani?"

Ya mayar da tsuntsun keji. Ta ce masa abu ɗaya take roƙo yanzu, ya canja riga ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaron. Ya ce to.

Ta mayar da kejin ɗakin babban ɗanta da ba kowa a ciki, ta buɗe tagogi, ta hana kunna komai mai hayaƙi a wajen. Safe da yamma tana ɗiga magani, tsakani kuma tana leƙawa ta ga ko wutsiyar na motsi. In jaririn ya yi atishawa sai ta taɓa goshinsa. Zulaihat ta tambaye ta me ke damunta, ta ce gajiya ce. A hankali kumburin ya saɓe, idon dama ya washe, na hagu ya buɗe amma bai koma kamar da ba. Ya fara cin gwaiba. Yaron dai lafiya lau aka yi arba'in, suka koma Kaduna.

Sai wata ranar da hantsi ta ji tari daga ɗakin, tari mai nauyi daga ƙirji, ana yi ana ƙarawa, a ƙarshe a yi kaki. Ta ruga ta tarar da akun shi kaɗai. Ko mayafi ba ta gyara sosai ba ta sake ɗaukar keji sai asibiti.

Dakta Madina ta saurari ƙirjinsa ta ce numfashinsa ya ma fi na wancan zuwan. Suna cikin magana ya sake yi. Likitar ta tsaya ta saurara, ta ce tsuntsu ba ya tari irin wannan, na mutum ne yake kwaikwayo, kuma aku ba ya ɗaukar sauti sai ya ji shi sau da yawa. Ta dubi Hajiya ta ce duk mai wannan tarin ya kamata likitan mutane ya gan shi.

Hajiya ba ta taɓa jin tarin a bakin mijinta haka ba. Ashe shi ma a shagon yake yin sa, ƙofa a rufe.

Washegari ta shirya tun da wuri ta tsaya masa a zaure da mayafinta, ta ce asibiti za su. Ya fara cewa ai mura ce, ya dubi fuskarta, ya koma ya ɗauko hularsa. An auna jininsa an samu ya hau, aka canja masa magani, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ce akwai wani wuri a hoton da bai gamsu da shi ba, sai an sake wani gwajin kafin ya ce komai.

Wannan karon Malam bai rantse ba, ita ma ba ta nema ba. Tagar shagon a buɗe take yanzu, ya kuma daina taunar kanumfari. Wani lokaci bayan azahar yakan ce zai miƙe ƙafa zuwa bakin titi, ita kuma ta tsaya a zaure har sai ta ji takunsa. Ni ma ina cikin waɗanda ta koya wa riƙon fensir. Ranar da na je gaishe ta na same ta tana goge masa farar rigar da zai sa zuwa karɓar sakamako. Na tambaye ta jikin Malam, ta ce da sauƙi, a dai taya su da addu'a.