Mun Kai Hannun Inna Gombe

Mun tashi da asuba daga Dukku, ni da Inna da ƙanwata, a bayan lorin auduga. Sau biyu ke nan wuyan hannun Inna yana karyewa a shekara guda, na biyun ma ƙwarya kawai ta zo saukewa. Mai ɗori ya ce mu kai ta Gombe. Ita kuwa ta ji an ce a asibiti yanke hannu ake yi, don haka ta naɗe abinta cikin zane, ta ƙi kula mu har muka wuce Bojude.

Gombe ta cika ta batse. Ko'ina sabon kwano sai ƙyalli yake, kuɗin mai ya zauna wa ma'aikata, kowa da babur da rediyo. A unguwar Bagadaza muka sauka, gidan kawuna. Ƙanwata ta sayi ƙosan kwabo biyar, ta ce a gida da wannan kuɗin har kaskon za a haɗa mata.

Washegari aka ɗauki hoton hannun. Likita ya zuba Turanci, wata nas 'yar unguwar Herwagana tana juya mana zuwa Hausa. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, yana da 'yan ƙofofi da sinadarin da ke ƙarfafa shi, irin wanda ke cikin nono, yake shiga yana fita, kuma akwai 'yan aike cikin jini, 'yan ƙofa masu buɗewa da rufewa. In mace ta daina al'ada, ɗaya daga cikinsu sai ya ja baya, fita ta fi shiga.

"Mama, kina shan nono?"

"Ni? Sayarwa nake yi, 'yata."

Gaskiya ta faɗa. Tun kafin a haife ni take tallan nono, amma a wurinmu madara ta yara ce, nono na kasuwa, babba ya sha a gaban mutane abin kunya ne.

"To, yaushe za ku yanke?"

"Yanke me, Mama? Filasta za mu sa. Ga ƙwayoyi, nono kuma kullum."

Na yi murna har na ji ƙwalla. A hanyar komawa Inna ba ta bar kowa ya yi gyangyaɗi ba, fasinja ɗaya-ɗaya ta bi tana nuna musu farin hannunta.

Abin da na koyo shi ne maganin yana cikin ƙwarya bisa kanta duk shekarun nan, kunya ta hana shi sauka. Jiya na kama ta bayan rumbu, leɓe fari fat, ludayi a hannu. Ta harare ni.

"Wuce. 'Yan ƙofa nake ba wa."