Ciwon Fatar da Ya Hana Ni Goyon Ƴata

Salamu alaikum ƴan uwa. Na san na ɓace muku tun ina da cikin Fatima. Masu cewa na yi arziki na manta da mutane, ku sassauta, jinya nake.

Da ƙaiƙayi ya fara, kewayen cibiya, ciki ya tsufa. Inna ta ce zafin gari ne, ta jiƙa kanwa ta shafa mini. Kai, ranar na ji a jikina.

Bayan na haihu ƙuraje suka fito, suka zama bororo cike da ruwa, kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Ciki, cinya, baya. Zane ya goge ni, fata ta saluɓe.

A gidan likita nan Agadas kullum wankin ciwo da ɗauri, har suka tura mu Yamai. Can aka yanki ƴar fata aka auna, aka ɗebi jini. Maigidana sai da ya sayar da motonsa, wato babur ɗinsa. Na ji tsoro, ban ɓoye muku ba.

Lokotoron fata, wata likita mace, ta ce: "Madam, fata hawa biyu ce. Tsakaninsu akwai siririyar shimfiɗa da ƙananan ƙugiyoyi masu riƙe ta sama da ta ƙasa. Ciki ne ya sa jikinki ya juya yana cin ƙugiyoyin, ruwa na shiga tsakani. Ba a ɗaukar cutar, ki ba jaririyar nono. Amma goyo, ki haƙura tukuna sai bayanki ya warke."

Wannan ya fi mini ciwon zafi.

Ƙanwata Rabi ke goya ta. Ina zaune ina kallon ƴan ƙafafunta suna lilo a ƙugun wata. Wallahi har haushin Rabi na ji, baiwar Allah da ta bar komai dominmu.

A hankali ƙwayoyin maganin da aka ba ni suka yi aiki, sai tabo. Alhamdulillahi. Rabi, Allah ya biya ki.

Masu ciki, ƙaiƙayi ya kawo ruwa, ku je a duba. Kada ku fasa bororon, kada ku shafa kanwa, kada ku yanke magani da kanku.

Ran Juma'a na durƙusa na ce, "Fatima, zo in goya ki." Ta iya tafiya yanzu. Ta dube ni, ta ruga bayan Rabi.

Sai da ta yi barcin rana na ɗora ta, na yi ta zagaya tsakar gida.

Na ce, "Rabi, ashe nauyi gare ta."

Ta ce, "Yaya, da can tana jaririya, in ka goya ta kamar ba kowa a bayanka."

Wancan nauyin ne ba zan taɓa sani ba.