Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Haka na taso na gani, haka na yi. Tun yana goye har ya yi gemu, "kai" nake ce masa, in ba ya kusa in ce "yaron nan". Ko a ajin yaƙi da jahilci, da malama ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta a allo, daga na biyu na fara. Mata suka yi ta dariya.

Shi ya kawo ni Doha, ƙasar Larabawa, da matarsa ta haihu, don in tsaya mata a wankan jego. Gidansu a Al Wukair yake, can bayan gari. Direba ne a wani kamfani mai ɗaga mutane sama cikin balan-balan. Wani ƙaton abu ne na yadi, ana hura masa wuta ya kumbura, kwando na reto a ƙarƙashinsa, mutane tsaye a ciki. Ba shi da sitiyari, inda iska ta nufa nan zai bi. Aikin yaron nan ya riƙe igiya kafin a tashi, sannan ya bi su da mota har inda suka sauka.

Bayan an yi arba'in ya ce, "Inna, gobe ki zo ki ga inda nake neman abinci."

Muka fita bayan sallar asuba, har da jikata, babbar 'yarsa, wadda bakinta bai san hutu ba. Lokacin sanyi ne, na lulluɓa da mayafi biyu. Filin yashi ne fetal, ba iska, ko bakin mayafina ba ya motsi. Aka kunna wuta, abin ya miƙe tsaye, ja da ruwan ɗorawa. Fasinjoji suka shiga kwando, cikinsu har da wata mata mai juna biyu.

Ban ga zuwan iskar ba, yashi kawai na ji a haƙorana. Balan-balan ɗin ya karkata, ɗaurin da aka yi masa a jikin mota ya kuɓuce, kwandon ya fara jan ƙasa. Sauran ma'aikatan suka saki igiya. Shi bai saki ba, ya ma naɗa ta a hannu, gani yake zai iya tsayar da su. Sai na ga ƙafafunsa sun bar ƙasa. Matuƙin balan-balan ɗin yana yi masa ihu da Turanci daga cikin kwando, wani Balarabe yana cewa "Khalas, khalas", wai ya isa haka, bai ko kula su ba. Ya kai tsayin katanga. Na san in ya wuce haka, da saki da riƙo duk ɗaya ne.

Sai na ji bakina ya kira sunansa, cikakke, yadda liman ya raɗa masa. Na ce, "Saki."

Ya waigo. Ya saki.

Idon sawunsa ya karye, tafukan hannunsa suka saɓule. Matuƙin ya ƙara wuta ya yi sama da mutanen, ya sauke su can gaba. Kwandon ya kife ya ɗan ja su a yashi, amma kowa ya fito da ƙafarsa, har mai cikin.

A asibiti, bayan an ɗaure ƙafar, jikata ta haye gefen gado tana ƙare min kallo.

"Tsohuwa, ashe kin san sunan Abba? Na ɗauka tsufa ya cinye."

"Ke, rufa min baki. Iska ce ta ruɗa miki kunne."

"Har Balaraben nan ya ji."

Yaron nan ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa don dariya. Can ya ce, "Inna, wallahi ban ji kowa ba. Da na ji sunan da muryarki, na ɗauka na riga na mutu."

"Bar faɗin haka."

"To ki ƙara sau ɗaya, tunda ga ni a kwance."

"Ɗayan ya ishe ka. Allah kada ya sake kawo dalili."

Ya warke, ya koma bakin igiyarsa, sai dai yanzu ba ya naɗa ta a hannu. Ni kuma na dawo gida. In ya gama aikin safe yakan kira ni a waya, in ce, "Kai ne?" ya ce, "Ni ne, Inna, yau iska lafiya."

Da can ko a sujada cewa nake, "Ya Allah, yaron nan, Ka dai san shi." Yanzu a sujadar kam da sunansa nake roƙo, a hankali, in na tabbata ba kowa a ɗakin.