Mai Tabo a Hannun Hagu

Duk wanda ya san Kawu Bawa, yayan mahaifiyata, ya san ba ya neman ma'aikaci da baki. A kwali yake rubutawa ya rataya a ƙofar injin niƙansa, kuma da aibin aikin yake farawa. Tun kafin a yanke mana Jihar Neja haka yake. Inna ta ce kwalinsa na farko cewa ya yi: “Ana neman mai kula da inji. Injin tsoho ne, maigidan mafaɗaci ne.”

“Yaya, wa zai zo?” in ji Inna.

“Wanda gaskiya ta kora, dama ba nawa ba ne.”

Sai ga Yohanna daga Salka. Ya karanta, ya ce, “Faɗan har da duka?” Kawu ya ce baki ne kawai. “To, ba ni tsumman goge inji,” in ji Yohanna. A wurin ya yi furfura.

Da ya nemi direba, bayan kwalin nan ya juya don kada ya ɓata sabo: “Motar sai da turi. Mai nema ya zo da abokansa.”

Mutum ɗaya gaskiyar Kawu ta kora, autansa Habibu. Yaron ya koyi haɗa manhajar waya, Kawu ya ce aikin da ba ya sa mutum wanka ba aiki ba ne. Habibu ya tafi Legas. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo, babu shi. Kawu kuwa ya ƙi kira.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika na zo.

“Hajara, ke da kika yi sakandare. Inda masu manhajar nan ke duba aiki a waya, can za ki rataya min. Rubuta: Ana neman mai haɗa manhaja a Kontagora. Wuta ba ta zama. Maigidan tsoho ne, ya rage faɗa. Mai nema ya kasance da tabon bel ɗin da ke juya inji a hannun hagu, kuma ba ya cin miyar kuka.”

“Kawu, ai mutum ɗaya ne haka a duniya. Ka kira shi mana.”

“Ni ma'aikaci nake nema.”

“Me zai haɗa maka?”

“Ya zo tukuna, ya ga abin da ya lalace.”

Kullum da safe sai na duba masa. Wani daga Minna ya amsa, ya ce ba shi da tabo amma ya tsani kuka.

“Rabin mutum zan ɗauka?” in ji Kawu. Muka yi dariya, shi kuma ya juya wa bango fuska.

Daga ranar ya hana kaɗa kuka a gidan, shi da babu miyar da yake so kamarta. Wai kada ma'aikaci ya iso ya tarar.

Habibu ya iso washegarin jana'izar Kawu. Ya zauna a ƙofar inji kusa da Yohanna, yana shafa tabon nan.

“Na gani tun ranar, Yaya Hajara. Na ce bari in gama aikin da ke hannuna.” Ya dubi inda ake rataya kwalin. “Har yanzu ana nema?”

Yohanna ne ya miƙa masa tsumma.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa taurin kai, ya sanyaya zuciyar Habibu. Ya haɗa su a inda ba sai an rataya kwali ba. Amin.